Fyaɗe a Maiduguri: Idan kotu ta yi wa mai laifi sassauci, wa ke da ikon ɗaukaka ƙara?

 Duk wanda ke zaune a Agege, Mile 12, Idi-Araba, Sabon Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri, kuma yake da dangi a Borno, ya san irin saƙon da kan shigo waya daga gida: an kama wanda ya yi wa yarinya fyaɗe, an yi ta sintiri a kotu wata da watanni, ranar hukunci aka ce shekara biyu, ko uku, wani lokaci ma har da zaɓin biyan tara. Sai zaurukan WhatsApp su ɗauki zafi kwana biyu, a yi Allah ya isa, a ce an sayi alƙali, daga nan magana ta mutu.

Abin da nake so in yi bayani a kai yau shi ne abin da ke biyo bayan wannan rana. Hukuncin kotun farko ba shi ne ƙarshen magana ba. Akwai kotu a samanta da ke da ikon ƙara wa mai laifi shekaru. Sai dai wannan kotu ba ta tashi da kanta, sai an kai mata ƙara. Wanda doka ta ba ikon kai ƙarar kuma gwamnatin jiha ce, ta hannun Antoni Janar, cikin ƙayyadadden lokaci. Yawancin iyalai ba su san haka ba, shi ya sa wa'adin ke wucewa suna zaune suna jiran tsammani.

Me ya sa Maiduguri?

Domin birnin ya ga wannan masifa fiye da yawancin biranen ƙasar nan. Rikicin Boko Haram ya tara dubban mata da yara marasa galihu a sansanonin gudun hijira irin su Bakassi da Dalori. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan mata da 'yan mata 43 a sansanoni bakwai na Maiduguri, waɗanda suka ce an yi musu fyaɗe ko an ci zarafinsu, kuma waɗanda suka zarga sun haɗa da shugabannin sansani, 'yan sintiri, 'yan sanda da sojoji. Shugaba Buhari ya ba da umarnin bincike, kuma a Disambar wannan shekarar Sufeto Janar na 'yan sanda Ibrahim Idris ya sanar da kama mutum goma. A watan Mayun 2018 Amnesty International ita ma ta fitar da nata rahoton a kan irin wannan ta'asa. A 2019 wata kotun soja da ta zauna a Maiduguri ta kama wani hafsan sojan sama da laifin lalata yarinya 'yar gudun hijira mai shekara 14, ta kore shi daga aiki.

Gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin cikin birni tun 2021, amma marayun da matan da suka rasa mazajensu suna nan a unguwanni. Su ne mafi saurin faɗawa hannun azzalumai, kuma su ne ba su da mai bi musu kadin shari'a. Sau da yawa ɗan'uwan da ke da ɗan ƙarfi a dangi shi ne wanda ke Legas ko Fatakwal yana neman kuɗi. To shi nake yi wa wannan bayani.

Yadda sassauci ke shigowa

Kafin a yi zargin cin hanci, yana da kyau a san cewa akwai ƙofofi da dama da hukunci mai sauƙi ke bi ya fito, kuma kowacce da irin maganinta.

Ta farko, ita kanta dokar. Tsohuwar dokar Penal Code da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ta fayyace fyaɗe a sashe na 282, har ta ce idan yarinya ba ta kai shekara 14 ba, babu maganar ta yarda ko ba ta yarda ba. Sashe na 283 kuma ya tanadi ɗaurin rai da rai ko abin da bai kai haka ba, tare da tara. Kun ga an sa rufi amma ba a sa daɓe ba. Alƙalin da ya ba da shekara uku bai fita daga haruffan dokar ba.

Ta biyu, tuhumar da aka shigar. Idan ba a kai yarinya asibiti da wuri ba, ko babu takardar da ke tabbatar da shekarunta, ko shaidu sun janye, mai gabatar da ƙara kan sauko daga tuhumar fyaɗe zuwa ta aikata alfasha, wadda a sashe na 285 na tsohuwar dokar iyakarta shekara bakwai ce. Alƙali ba zai hukunta mutum da laifin da ba shi ke gabansa ba.

Ta uku, roƙon sassauci. Bayan an kama mutum da laifi, ana ba shi dama ya roƙi kotu: wannan ne karo na farko, yana da iyali, ya yi nadama. Idan lauyan gwamnati bai tashi ya faɗi nauyin ɓarnar da aka yi ba, murya ɗaya alƙali ya ji.

Ta huɗu, lissafin shekarun. Ana iya yanke wa mutum hukunci a kan tuhuma da yawa, amma a ce shekarun su tafi tare. 'Yan Legas za su tuna shari'ar ɗan wasan nan Baba Ijesha a 2022: jaridu suka buga shekara 16, amma da yake hukunce-hukuncen tare suke tafiya, biyar ce ainihin zaman. Sannan galibi akan cire lokacin da mutum ya riga ya yi a tsare kafin hukunci.

Me sababbin dokoki suka canza?

A 2015 gwamnatin tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Babban abin da ta kawo shi ne daɓen da ake nema: ɗaurin rai da rai, kuma idan za a sauko, kada a gaza shekara 12 ba zaɓin tara. Idan taron dangi aka yi, kada a gaza shekara 20. Ta kuma ce a biya wadda aka zalunta diyya, a sa sunan mai laifin a kundin masu irin wannan laifi. Hukumar NAPTIP ta ƙaddamar da kundin na ƙasa a Nuwamban 2019.

Amma dokar tarayyar a Abuja take aiki, sai kowace jiha ta yi tata. A watan Yunin 2020, bayan kisan wata ɗaliba a Benin da wata a Ibadan, gwamnonin ƙasar suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Kaduna ta gyara dokarta a Satumbar wannan shekarar har da dandaƙa. A Borno kuwa, Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa hannu a kan dokar VAPP ta jihar da dokar kare haƙƙin yara a watan Janairun 2022.

Wannan yana da muhimmanci ga ɗaukaka ƙara. Inda doka ta sa mafi ƙarancin hukunci, alƙalin da ya ba da ƙasa da haka ya yi kuskure a kan doka, kuma irin wannan kuskure shi ne mafi sauƙin gyarawa a sama. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa 'yan gida ita ce: da wace doka, kuma da wane sashe, aka tuhume shi? Ku kuma lura, sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya hana a ɗora wa mutum hukuncin da ya fi wanda ke aiki a lokacin da ya aikata laifin. Laifin da aka yi a 2020 ba za a auna shi da dokar 2022 ba.

Tsanin kotuna da wa'adin kowacce

Fyaɗe babban laifi ne, Babbar Kotun Jiha ce ke shari'arsa. Kotun majistare kan tsare wanda ake zargi ne kafin Ma'aikatar Shari'a ta duba fayil ta ba da shawara. Idan ka ji an gama shari'ar gaba ɗaya a ƙaramar kotu, to akwai alamar an sauya tuhumar zuwa ƙarama. Daga ƙaramar kotu ana ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, galibi cikin kwana 30.

Daga Babbar Kotun Borno sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya. Shekaru da dama Jos ake kai ƙararrakin Borno, kafin a buɗe reshen Gombe. Wa'adin shigar da takardar ɗaukaka ƙara a shari'ar laifi kwana 90 ne daga ranar hukunci. Daga can zuwa Kotun Ƙoli kwana 30 ne. Hukuncin kotun soja ma Kotun Ɗaukaka Ƙara yake zuwa, kamar yadda sashe na 240 na tsarin mulki ya tanada. Idan wa'adi ya wuce ana iya roƙon kotu ta ƙara lokaci, amma sai an kawo dalili mai ƙarfi, kuma ba dole ba ne ta yarda.

Wa ke riƙe da makullin?

Nan ne zuciyar maganar. A tsarin shari'ar Najeriya, laifi an yi wa gwamnati ne. Shi ya sa ake rubuta sunan shari'a "Jiha da wane". Yarinyar da aka zalunta da iyayenta shaidu ne kawai. Sashe na 243 na tsarin mulki ya ba da ikon ɗaukaka ƙara a shari'ar laifi ga wanda ake tuhuma da kuma ɓangaren masu gabatar da ƙara, kuma sashe na 211 ya ɗora Antoni Janar na jiha a kan duk shari'ar laifin da ta shafi dokar jihar. Uban yarinya ko ya ɗauki babban lauya, ba zai shigar da takardar da sunansa ba.

Shari'u biyu daga Jihar Ogun, nan kusa da mu, sun nuna abin da ke faruwa idan gwamnati ta yi shiru. A shari'ar Posu, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2011, an ɗaure wasu mutum biyu shekara uku-uku a kan fyaɗe. Su ne ma suka ɗaukaka ƙara suna neman a wanke su. Alƙalan Kotun Ƙoli suka tabbatar da laifin, suka soki sauƙin hukuncin, amma aka bayyana cewa tunda gwamnati ba ta shigar da tata ƙarar a kan hukuncin ba, babu abin da za a iya yi. A shari'ar Popoola ta 2013, an ba mutum shekara biyar a kan yi wa 'yar makarantar sakandare fyaɗe a Abeokuta. Mai shari'a Muntaka-Coomassie ya yi Allah wadai da hukuncin, ya ce sassaucin ya yi yawa. Mai shari'a Sylvester Ngwuta ya ce a ganinsa hukuncin irin wannan laifi ya kamata ya biyo bayan na kisa a tsanani. Duk da haka shekara biyar ɗin ta zauna.

Ku duba fa: kotu mafi girma a ƙasa ta ga an yi sakaci, ta faɗa da bakinta, amma hannunta a ɗaure domin babu takarda guda daga Ma'aikatar Shari'a.

Idan an shigar da takardar kuwa, hanyar tana aiki. Misalin da kowa ya sani ba na fyaɗe ba ne, na kuɗin fanshon 'yan sanda ne. A 2013 wata kotu a Abuja ta yanke wa John Yakubu Yusuf shekara biyu ko tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. EFCC ta ɗaukaka ƙara. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin shekara shida da naira biliyan 22.9, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2022. Ikon da aka yi amfani da shi a kan ɓarawon fansho shi ne dai ke nan a kan mai lalata yara. Tambayata ita ce, me ya sa mutuncin 'yar marainiya a Maiduguri ba zai samu irin wannan naci ba?

Abin da kotun sama take dubawa

Kada a ɗauka sabuwar shari'a ake yi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta sake kiran yarinya ta ba da shaida, kuma wannan rahama ce a gare ta. Alƙalai uku ne ke karanta kundin abin da ya gudana a kotun farko da hujjojin lauyoyi. A ƙa'ida ba sa taɓa hukunci don kawai da su ne da sun ba da fiye da haka. Suna shiga ne idan hukuncin ya saɓa wa doka, ko alƙali ya bi gurɓatacciyar ƙa'ida, ko ya yi watsi da abin da ya wajaba ya duba, ko kuma sauƙin ya fito fili har ya zama bai dace da girman laifin ba.

Abubuwan da ke ƙara nauyin laifi su ne ƙarancin shekarun yarinya, kasancewar mai laifin amintacce ne a gare ta kamar malami, mai gadi, jami'in tsaro ko ɗan'uwa, amfani da makami, maimaita laifin, raunin da aka yi mata, ciki ko cuta. Amma duk abin da bai shiga kundin kotun farko ba, da wuya ya yi amfani a sama. Ke nan nasarar ɗaukaka ƙara tun daga ranar farko ake gina ta: a kai yarinya asibiti nan take, kafin wanka in da hali, cikin awa 72 domin maganin kariya daga cutar HIV, a karɓi rahoton likita, a adana tufafi da takardar haihuwa. A Maiduguri akwai cibiyar Nelewa a asibitin Umaru Shehu da aka ware domin wannan, kamar yadda Legas ke da cibiyar Mirabel a Ikeja.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Ingila, tun dokar 1988, akwai tsari na musamman domin hukuncin da sassaucinsa ya wuce kima. Kowa na iya rubuta wa ofishin Antoni Janar, ko da ba shi da alaƙa da shari'ar, kuma an daɗe ana aiki da wa'adin kwana 28 domin ofishin ya miƙa maganar ga kotun sama. A Sifen, wasu mutum biyar da suka afka wa wata budurwa a garin Pamplona a 2016 sun samu shekara tara-tara a kotun farko. Masu gabatar da ƙara suka ƙi haƙura, a 2019 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce fyaɗe ne, ta mayar da shi shekara 15. A ganina abin da Borno za ta iya ɗauka daga Ingila ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: tebur guda a Ma'aikatar Shari'a da jama'a suka san shi, mai karɓar ƙorafi a kan hukunci ya ba da amsa a rubuce kafin kwana 90 su cika.

To me dangi za su yi?

Na farko, a rubuta ranar hukunci, a fara ƙirga kwanaki tun daga ranar.

Na biyu, a je wajen magatakardar kotu a nemi kwafin hukuncin mai hatimi. Ba a rubuta ƙorafi da "an ce".

Na uku, a rubuta takarda zuwa ga Antoni Janar kuma Kwamishinan Shari'a na Jihar Borno, a aika kwafi ga Daraktan Gabatar da Ƙararraki. A sa lambar shari'ar, kotun, sashen dokar, hukuncin, da dalilin da ya sa ake ganin ya gaza. A kai da hannu, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. A yi wannan a makon farko ko na biyu, domin lauyoyin ma'aikata su ma suna buƙatar lokaci.

Na huɗu, a nemi masu tsaya wa magana. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da reshe a Borno, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa tana da ofishi a Maiduguri. Dangi na iya ɗaukar lauya mai sa ido a madadinsu tun a kotun farko, kuma Antoni Janar yana da ikon ba lauya mai zaman kansa izinin ci gaba da shari'a da sunan gwamnati.

Na biyar, a rufa wa yarinya asiri. Kada a watsa sunanta ko hotonta a Facebook da sunan neman tausayi. Hukuncin da sashen dokar sun isa a yi magana a kansu.

Na san abin da wasu za su ce: a yi sulhu, a bar wa Allah, kada a tona asirin gida. Sau da yawa ma mu na kudu ake kira a ce mu turo kuɗin da za a rufe magana, ko mu sa baki a janye. Malamai sun sha karantar da mu yadda Manzon Allah (SAW) ya ƙi karɓar ceton Usama bin Zaid a kan matar nan ta Banu Makhzum, da yadda Sayyidina Umar ya gargaɗi alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari cewa hukuncin da ya yanke jiya kada ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa. A mazhabarmu ta Malikiyya, wadda aka tilasta wa ba ta da laifi, kuma tana da haƙƙi a wuyan wanda ya zalunce ta. Neman a gyara hukuncin da ya gaza ba rashin tawakkali ba ne.

Kuma a tuna, wanda ya yi shekara biyu ya fito, unguwar zai dawo, ko ya hau mota ya sauka Mile 12 inda ba a san shi ba, ya kama ɗaki kusa da 'ya'yanmu. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa su san wannan hanya. Takarda ɗaya da ƙungiyar 'yan asalin Borno mazauna Legas ta sa wa hannu, ta isa teburin Antoni Janar cikin wa'adi, ta fi saƙon murya dubu a WhatsApp amfani.

Allah ya kare mana zuri'a, ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon tsayar da gaskiya. Amin.